Daga Ƙarfe Huɗu Zuwa Rufe Tasha: Shaidar Mai Gyaran Talabijin a Sakkwato

Gyaran rediyo da talabijin ita ce sana'ar da na tashi a cikinta a garin Sakkwato. Na fara da share benci da riƙe wa maigidana fitila, har na kai ga buɗe bayan akwati da hannuna, kuma a wannan sana'a na aurar da 'ya'ya. Duk wanda ya yi ta daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon shekarun 1990 ya san jadawalin tasha guda ɗaya shi ke juya ranar mai gyara. Da hantsi shago tsit, sai ƙaurin dalma. Ana sallame azahar masu kaya za su fara zarya, kowa na son a ɗaure masa nasa kafin ƙarfe huɗu, domin wanda akwatinsa ya kwana a shago ya san abin da zai tarar a gida daga wajen yara da iyayensu mata. Shaidar da zan bayar ta wannan marecen ce: abin da ake nunawa daga buɗe tasha zuwa rufewa, da wahalar da ake sha kafin hoto ya tsaya a kan gilashi.

Talabijin ta daɗe a wasu garuruwa kafin ta iso mana. Ibadan ta fara a 1959, Kaduna ta biyo baya a 1962. Sakkwato ta samu tata a tsakiyar shekarun 1970, tana hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma, kafin a raba jihar a 1976. A 1977 gwamnatin soja ta yi dokar da ta tattara tashoshin ƙasar nan a ƙarƙashin hukuma ɗaya, NTA. Jihar Sakkwato ta wancan lokaci ta haɗa da Kabi da Zamfara na yau, domin sai a 1991 aka cire Kabi, Zamfara kuma a 1996. Wato daga Illela har Yawuri, daga Argungu har Gusau, duk wanda Allah ya hore wa akwati kuma eriyarsa ta kama, kusan abu ɗaya yake kallo a sa'a ɗaya.

Mu masu gyara kallonmu yana farawa kafin na kowa. Gab da buɗe tasha ana sako wasu layuka takwas a tsaye, da wata ƙara siririya da ba ta yankewa. Fari ne a hagu, sai rawaya, sai shuɗi mai haske, kore, jan algashi, ja, shuɗi, baƙi a ƙarshen dama. Yara na ganin ɓata lokaci ne, alhali da su muke auna lafiyar akwati. Idan rawayan ya koma kore, jan kwalbar, wato bututun gilashin da hoto ke fitowa a fuskarsa, ya raunana ko transistonsa ya mutu. Idan layukan sun karkace daga sama, ana duba sashen da ke riƙe hoto a kwance. A akwati marar kala, layukan nan suna fitowa hawa-hawa daga fari zuwa baƙi, kuma mai gyara na kirki zai murɗa haske da duhu har sai ya iya ƙirga duka takwas ɗin da idonsa. Wanda ya miƙa wa mai kaya akwati bai gwada shi a kan waɗannan layuka ba, da dare za a dawo masa da shi.

Ƙarfe huɗu a ranakun aiki sai taken ƙasa, sai addu'a da karatun Alƙur'ani, sai mai gabatarwa ya bayyana ya karanto shirye-shiryen ranar ɗaya bayan ɗaya. A nan ake kasa kunne, domin ba kowane gida ke ganin jarida ba, kuma abin da ya wuce ya wuce, babu mayarwa baya. Sa'o'in farko na yara ne: zane mai motsi na ƙasashen waje, shirin koyon ƙirga da baƙaƙen boko, wasannin 'yan makaranta, kacici-kacici tsakanin makarantun sakandare. Sai dai lokacin ya ci karo da makarantar allo, wadda ake komawa bayan la'asar har kusan faɗuwar rana. Shi ya sa Alhamis da Juma'a, ranakun da ba a zuwa makarantar allo, suka zama ranakun cikar falo. A sauran ranakun, yaron da aka gani a gaban akwati ƙarfe biyar, an san inda ya gudo.

Magariba ce ke raba marecen gida biyu. A Sakkwato tana yawo da lokacin shekara: wajen shida da minti goma a sanyin Nuwamba, har ta haura bakwai a Yuni da Yuli. Gidaje da yawa suna kashe akwati da kiran salla, su rufe ƙofarsa, kuma wannan hutun yana ƙara wa akwatin kansa kwana, domin ya samu ya huce kafin dogon aikin dare. Tsakanin magariba da lisha ake samun labaran jiha da Hausa da Turanci, da sanarwoyi, da shirin manoma a kan taki da irin gero da maganin ƙwari, da shirin lafiya. Kada a raina waɗannan shirye-shirye. A tsakiyar shekarun 1980, mata da yawa a gaban akwati suka fara ganin yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari ga yaro mai gudawa, ana aunawa da kwalbar lemo da cokalin shayi a gaban idonsu, kuma a nan ake ta nanata zancen kai yara rigakafi.

Bayan lisha ake kallo na gaske. A bazara ba mai iya zama cikin ɗaki, don haka sai samari biyu su kinkimo akwatin su ɗora kan tebur a tsakar gida, a jawo waya ta taga, a shimfiɗa tabarmi. Zaman yana da tsari ko da ba wanda ya tsara shi da baki. Ƙanana a gaba har suna taɓa ƙafar tebur, manyansu a baya, mata a gefe wajen ƙofar ɗaki da tsintar wake ko tsifar kai, maigida a kan kujerarsa. Yaran maƙwabta suna yin sallama su zauna daga bakin zaure, a hankali suna matsowa. Wasu masu hali suna fitar da akwatin ƙofar gida domin 'yan unguwa, sai ka ga mai shayi da mai rake sun kafa a kusa. Akwatin falo na manyan gidaje kuwa ba ya ɗaguwa, shi ne mai ƙafafu huɗu da ƙofar katako da ake zugewa, har da makulli, kuma makullin yana aljihun maigida ko a ƙugun uwargida. Masu marar kala wasu sukan manna wata leda a gaban gilashi, shuɗiya daga sama, koriya daga ƙasa, a ce an samu kala. Idan hoton fili ne da sararin sama abin ya yi daidai, idan fuskar mai karanta labarai ce sai goshinsa ya yi shuɗi.

Abin da ke tara gari shi ne wasan kwaikwayon Hausa. Tashar Sakkwato tana da nata, Idon Matambayi, da bakin Sakkwatanci tsantsa, mutum ya ji ana magana yadda ake yi a Ƙofar Marke ko Rijiyar Ɗorowa. Daga Kaduna ana samun Samanja na Usman Baba Pategi, tsohon soja da ya kwaso rayuwar bariki da Hausarta ya zuba a gilashi. Daga Jos akwai Karkuzu. Ƙarfin waɗannan wasanni yana cikin yadda ake shirya su. Galibi ba a rubuta wa ɗan wasa kowace kalma. Ana zama a tattauna labarin, a ce kai ne mai bin bashi, kai ne wanda ake bi, ga inda za a fara, ga inda za a tsaya, sauran kuma kowa ya fito da abin da ke bakinsa. Shi ya sa maganar take fita da rai, da habaici da karin magana da zolayar da ba mai iya rubuta ta a takarda. Kayan aiki kaɗan ne: kyamara biyu ko uku a ɗakin shiri, bangon katako da aka yi wa fenti ya zama zaure yau gobe ya zama ofis, makirfo guda a kan sanda wanda wani lokaci inuwarsa ke leƙowa daga sama. Ba wanda ya damu da inuwar. Jama'a alƙalin da ke cin hanci suke kallo, da dillaliya mai haɗa gida faɗa, da ɗan da ya je birni ya dawo yana raina ubansa, kuma washegari a kasuwa ana kiran mutane da sunayen 'yan wasan.

Kiɗan gargajiya ma yana da darensa. Ana shimfiɗa darduma a ɗakin shiri, makaɗi ya zauna da 'yan amshinsa, a ɗauka daga farko har ƙarshe ba yankewa. Mutanen da suka shekara suna jin irin su Musa Ɗanƙwairo da Ɗan Anace da Mamman Shata a rediyo da kaset, a nan suka fara ganin yadda hannu ke sauka a kan kotso da kalangu. Tsofaffin da ke cewa talabijin shirme ce, a irin wannan dare su ke fara jawo kujera. Haka in an ɗauko dambe ko kokawa, ko bikin kamun kifi na Argungu, wanda a lokacin bikin jiharmu ne.

Tsakanin takwas da tara ake haɗewa da sauran ƙasa. A nan ake ganin Village Headmaster daga Legas, da New Masquerade daga Inugu, da Cock Crow at Dawn da aka fara a 1980 ana ɗauka a wajen Jos, domin jawo hankalin mutane ga noma. Wannan na ƙarshen muna jin sa namu ne, domin Peter Igho da ya shirya shi da Sadiq Daba da ya fito a Bitrus duk sun yi aiki a tashar Sakkwato kafin nan, ga kuma Ƙasimu Yero a ciki. Da yake da Turanci ake yi, kowane gida yana da tafinta, yawanci ɗan sakandare, wanda ake zaunar da shi kusa da kaka. "Kai ɗan nan, mi yac ce?" Yaro na son kallo, kaka na son fassara, sai ya dunƙule maganar minti biyar cikin kalma uku, ita kuma ta cike sauran da abin da ta karanta a fuskokinsu, kuma sau da yawa ta fi shi gane inda labarin ya dosa.

Ƙarfe tara labaran ƙasa daga Legas. Wannan lokacin maigida ne, ba a motsi, ba a taunar ƙashi da ƙarfi. Daga 1979 zuwa ƙarshen 1983, da Alhaji Shehu Shagari ke shugaban ƙasa, mutanen da ba su jin kalma ɗaya ta Turanci suna zama har ƙarshe domin su ga ɗan ƙasarsu da doguwar hularsa yana karɓar baƙi. Da yake hoton daga nesa yake tahowa ta hanyoyin sadarwa masu tsawo, yakan yanke, sai a ɗora allon neman afuwa da ɗan kiɗa har ya dawo. A irin wannan lokacin ne akwatuna da yawa ke lalacewa a banza: mai gida ya ɗauka nasa ne ya samu matsala, ya shiga murɗe-murɗe a baya, hoto ya dawo ya tarar an birkita komai. Alamar a fili take. Muddin allon neman afuwa ya fito tas, akwatinka lafiya lau yake, ka janye hannunka.

Bayan labarai yara sun yi barci a kan tabarma ana kwasarsu ɗaya-ɗaya. Saura samari da masu ƙarfin ido, su ke ganin fina-finan 'yan sanda na Amurka da Ingila da kokawar Turawa, wadda musu a kanta, ko gaske ce ko shiri, ba ya ƙarewa a majalisa. Ƙarshen mako ake sa fim ɗin Indiya ko na Sin, kuma a daren Indiya mata ke da iko da tsakar gida, awa uku cur, ba a jin yaren amma ba a rasa ko zare ɗaya na labarin. Lahadi da marece kuma, daga tsakiyar shekarun 1980, akwai tatsuniyoyin Tales by Moonlight. Wajen sha biyun dare mai gabatarwa ya dawo ya yi sallama, a yi addu'a, taken ƙasa, sai gilashi ya cika da yayyafi da shuuu. A watan azumi jadawalin yakan sauya, tafsiri ya karɓi wuri mai kyau, kuma gidajen da ba su yarda da wasan kwaikwayo ba ma a wannan watan suke kunna akwati.

To, duk wannan sai in hoto ya zo, kuma zuwan hoto aikin eriya ne. Saƙon talabijin a miƙe yake tafiya, ba ya lanƙwasa ya bi bayan tudu yadda na rediyo mai matsakaicin zango ke yi. A cikin gari, Mabera ko Runjin Sambo ko Gawon Nama, 'yar eriyar kan akwati mai ƙaho biyu takan wadatar. Da an fita zuwa Bodinga ko Wurno ko Gwadabawa sai an ɗaga sama. Eriyar waje sandunan alminiyam ne jere a kan sanda guda. Na bayan shi ne mafi tsawo, aikinsa ya maido da saƙon gaba. Na biyu, wanda aka lanƙwasa, shi ne mai kamawa, a jikinsa ake ɗaura waya, kuma tsawonsa yana kaiwa santimita 70 ko kusa da haka. Sauran na gaba kowanne ya ɗan fi na bayansa gajarta, kuma gajeren bakin shi ke fuskantar tasha. Kuskuren da aka fi yi shi ne a juya ta baibai, dogon ya kalli tasha, a yi ta zargin akwati. Ana ɗora ta a kan bututun famfo mai tsawon ƙafa 20, wani ya haɗa biyu, wanda ba shi da hali ya sa doguwar gora. A ɗaure da waya uku zuwa kusurwa uku, domin iskar farkon damina, a Mayu da Yuni, ba ta barin sandar da aka ɗaure da waya biyu.

Wayar saukowa iri biyu ce: mai faɗi, wadda ake ce wa mai 300, da zagayayya mai raga a ciki, mai 75. Ba a haɗa su kai tsaye, sai da ɗan ƙaramin mahaɗi a tsakani, in ba haka ba rabin saƙon a hanya zai zube. Mai faɗin ta fi araha, amma ranar Sakkwato tana busar da ledarta ta tsattsage cikin shekara biyu, kuma in ta kwanta a kan kwano hoto ya tafi. Idan mutum ya fito biyu a gilashi, shi da inuwarsa a dama, saƙon ne ya daki rufin kwano ko tankin ruwa ya iso a makare, maganinsa a ɗan kautar da eriya ko a ƙara mata tsawo. Busta, 'yar na'urar ƙara wa saƙo ƙarfi, tana taimakon na nesa, amma a sama ake ɗaura ta kusa da eriya, a rufe ta daga ruwa. Wanda ya sa ta a ɗaki bayan doguwar waya, yayyafin yake ƙara wa ƙarfi. Juya eriya kuwa aikin mutum uku ne: ɗaya a gindin sanda, ɗaya a gaban akwati, ɗaya a bakin ƙofa yana isar da saƙo.

"Ya taho?"

"Bai taho ba, koma hagu kaɗan!"

"Yanzu hwa?"

"Tsaya nan! Kak ka motsa!"

Yana sakin sanda hoto ya gudu, domin jikinsa ma ya shiga cikin aikin, ko kuma sandar ta ɗan juya da ya cire hannu. Mai dabara yakan yi wa bututun alama da fenti, ya matse shi da ƙusa, a huta.

Na wajen iyaka, Illela da kewayenta, suna da ƙari: in an juya eriya arewa ana kamo tashar Nijar. Amma tsarin Nijar na Faransa ne, SECAM, namu kuma PAL. Saboda haka hoton yakan fito ba kala ko da akwatin mai kala ne, sautin kuma ya zama huci kawai, domin tazarar da ke tsakanin hoto da sauti a tsarin nasu ta bambanta da tamu. Muna ƙara wani ɗan sashe a ɓangaren sauti domin a ji duka biyun. Daga baya akwatuna masu karɓar kowane tsari suka shigo kasuwa, wannan aikin ya mutu.

A ƙauyukan da ba lantarki, da unguwannin da ake yawan ɗauke wuta, batirin mota ne gatan kallo. Ƙaramin akwati marar kala, mai inci 12 ko 14, yana aiki da bolt 12 kai tsaye, kuma abin da yake ja bai wuce amfiya ɗaya da rabi ba. Batir mai lafiya mai amfiya 60 yakan kai dare huɗu ko biyar ana kallon awa huɗu. Sai dai yawanci wanda mota ta gaji da shi ake saye, shi kuwa dare biyu ya yi ƙoƙari. Alamar ƙarewarsa ba ta ɓuya: hoto ya fara tsukewa daga gefe da gefe kamar rigar da ta sha wanki, sannan ya shiga birgima sama, sauti ya shaƙe. A nan ya kamata a kashe. Masu matsa masa har sai ya mutu murus domin a ga ƙarshen fim su ke kashe batir cikin wata uku. Da safe a ɗaura shi a keke zuwa wurin mai caji, a duba ruwansa ya rufe farantan ciki, kuma ruwan batir ake ƙarawa, ba na rijiya ba. Babbar ɓarnar ita ce juya kan waya cikin duhu, ja a wurin baƙi. In an yi sa'a fis ne zai ƙone. In wani ya riga ya naɗe fis ɗin da zaren waya ko takardar sigari, to transiston da ke daidaita wuta ne zai tafi, wani lokaci har da na sauti.

Masu lantarki su ma da tasu. Wutar da ya kamata ta zo 230 takan faɗo ƙasa da 180 da dare, lokacin da kowa ya kunna fanka, shi ya sa sitabilaiza ta zama ƙanwar talabijin, ba a sayen ɗaya a bar ɗaya. Haɗarin ya fi yawa a lokacin da aka maido da wuta, domin takan zo da ƙarfi a bugun farko. Ƙa'idar da muke gaya wa kowa ita ce: an ɗauke, zare filogi, an kawo, bari fitila ta tsaya cak na ɗan lokaci kafin ka mayar. Hadari ya taso da walƙiya, a zare wayar eriya ma, domin sandar ƙarfe mai ƙafa 40 ita ce mafi tsawo a unguwa.

Amma babban abokin gabar akwati a garin nan zafi ne. A Afrilu zafin waje yana haura digiri 40, cikin akwati kuwa ya fi haka nesa. Kondensa masu ruwa a ciki suna bushewa, sai ka ga wani baƙin gajimare yana hawa gilashi a hankali daga ƙasa zuwa sama, sifika tana gurnani. Dalmar da ke ƙafafun kayan da suka fi ɗaukar zafi tana tsagewa zobe-zobe, siririyar tsaga da sai da gilashin ƙara girma ake ganinta. Ita ce ke sa hoto ya rufe ya koma layi ɗaya fari a kwance a tsakiya. Mutane sun gano in an mari akwati a gefe hoton na dawowa, kuma gaskiya ne yana dawowa, amma kowane mari yana faɗaɗa tsagar. Gyaran na minti goma ne, a narkar da tsohuwar dalma a zuba sabuwa. Wanda ya bar farin layin nan yana ci da cikakken haske kuwa, zai ƙona fuskar kwalbar, tabon ya zauna har abada. Ga kuma mayafin ado da mata ke saƙa wa akwati, mai kyau da shi, amma yana toshe ramukan shan iska na baya. Kullum roƙonmu shi ne: Hajiya, a yaye shi in an kunna.

Ƙurar hunturu tana shiga ta kwanta a kan komai, damina ta zo ta jiƙa ta. A jikin kwalba akwai wata robar da babbar waya ke shiga daga filaibak, wato taransifomar da ke ɗaga ƙarfin wuta, kuma wutar da ke wurin a akwati mai kala mai inci 20 tana kaiwa bolt dubu 25, a ƙaramin marar kala dubu 10 zuwa 12. Jiƙaƙƙiyar ƙura tana ba wannan wuta hanya, sai a ji tsss da wani wari mai kaifi. Ana sharewa da busasshen burushi, amma sai an sauke wutar tukuna, domin kwalba tana riƙe ta ko an zare filogi tun jiya. Ana ɗaura waya daga sukundireba zuwa ƙarfen jikin kwalba, a zura bakinsa ƙarƙashin robar da hannu ɗaya, ɗayan hannun a baya, har a ji ƙas. Wannan shi ne darasin farko da ake koya wa yaron shago, kafin ma a ba shi ƙarfen dalma. Sai ƙananan abubuwa: maɓallin canza tasha ya karye a koma murɗawa da filaya, ko a jingina babbar sifikar rediyo da akwati maganaɗisunta ya ɓata kala a kusurwa, fuska ta koma shunayya.

Bidiyo ce ta fara sassauta wannan zama, da ta yawaita a tsakiyar shekarun 1980 tare da shagunan hayar kaset, mutum ya ga abin da yake so a lokacin da yake so. Sai manyan faifan tauraron ɗan'adam a gidajen masu hali a farkon shekarun 1990, sai dokar 1992 da ta ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi, sai fina-finan Hausa na kaset. Aikinmu ya koma wanke kan bidiyo da canza bel.

Abin da ya fi damuna yau shi ne kaset ɗin da aka ɗauki waɗancan shirye-shirye a kai. Yawanci U-matic ne, mai faɗin kashi uku cikin huɗu na inci, babba yana ɗaukar awa ɗaya, ƙaramin na fita waje minti 20. Yana da tsada, don haka tashoshi a ko'ina cikin duniya sukan goge tsohon shiri su ɗora sabo. Wanda ya tsira daga gogewa, zafi da laima suna cin sa, domin ƙaron da ke riƙe garin maganaɗisu a jikin zaren yana narkewa ya yi danƙo. Akwai kuma waɗanda suka ɗauki shirye-shiryen a VHS a gidajensu, suna nan cikin akwatunan ƙarfe a ɗakunan tsofaffi. Wanda ya ci karo da irin wannan, don Allah kada ya yi gaggawar zura shi cikin na'ura. A fara leƙa tagar kaset ɗin: in akwai farin fumfuna a gefen naɗin, ko zaren ya manne, kunnawa ɗaya za ta kankare hoton ta kuma toshe kan na'urar. A ajiye shi a tsaye, ba a kwance ba, a ɗaki mafi sanyi, nesa da sifika da janareta. A karya ɗan harshen da ke bayan VHS domin kada wani ya ɗora wani abu a kai bisa kuskure, a U-matic kuma jan maɓallin da ke ƙasansa ake cirewa. In za a kunna, a fara gwada na'urar da kaset marar amfani, a tabbata ba ta cin zare, kuma a haɗa ta da kwamfuta tun a kunnawar farko, domin tsohon zare ba kullum yake ba da dama ta biyu ba. A rubuta a jikin kwalin abin da ke ciki da shekarar da ake zato, a tambayi dattijan gidan sunayen waɗanda suka fito tun suna iya gane fuskokin.